Daga Katsina Zuwa Daura a Kan Keke: Yadda Ake Shirya Tafiyar

Tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne. Mota na cinye wannan nisan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, shi ya sa samari da yawa ke raina shi, musamman masu ji da ƙarfi, 'yan ƙwallo da masu ɗaga ƙarfe da masu koyon dambe. Sai su tashi da hantsi da gorar ruwa guda, kafin su kai Mashi an fara neman motar da za ta kwashe su da kekunansu. Ƙarfin cinya na da amfani, amma abin da ke kai mutum Daura lafiya lissafi ne: watan da ya zaɓa, lokacin da ya tashi, inda iska ke kaɗowa, ruwan da ya ɗauka, da mutanen da ya yi ayari da su. Duk wanda ke da lafiya, ya kuma yarda ya ba abin wata biyu na shiri, zai iya.

A fara da zaɓen lokaci

Wannan ne matakin farko, tun kafin maganar keke. Daura na gabas da Katsina kusan miƙe. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, daga Disamba har cikin Fabrairu. Ke nan mai zuwa Daura a tsakiyar hunturu da iska zai yi ta karo tun daga bakin gari har ya isa, sai ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a kariya. Ga ƙura da ke busar da maƙogwaro, ga hazo da ke hana direbobi hango mai keke daga nesa. Amma a dawowa iskar nan ce za ta riƙa tura ka. Wasu ma don haka suke sa kekunansu a mota zuwa Daura su kwana, da safe su tuƙo zuwa Katsina, kuma ba laifi ba ne ga mai gwajin farko.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, a manta da ita. Zafi na haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos, kwalta kuma ta fi haka zafi. Damina na da daɗin hawa, iska na biyo ka daga kudu maso yamma, sai dai hadari ba ya sallama, gefen titi kuma na cika da yashin da ruwa ya kwaso. A ganina babu kamar kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba: ruwa ya ɗauke, zafi ya fara sauka, iskar hunturu ba ta kankama ba.

A duba ranar kuma. Kada ta zama Juma'a, kada ta faɗo ranar cin wata babbar kasuwa da ke kan hanyar, don ranar motocin kaya da na dabbobi ne ke da titi. Direbobin tashar Daura sun fi kowa sanin wannan. Su ne kuma za ka tambaya halin da hanya ke ciki ta fuskar tsaro, ana jibi tafiya da kuma daren tafiyar. Jiharmu ta sha fama da 'yan bindiga, an fi jin abin a yamma da kudu, amma wannan ba dalilin ƙin tambaya ba ne. In aka ce a dakata, a dakata.

Keken

Ba sai mai tsada ba. Keken gwanjo mai giya, irin mai faɗin taya, ya isa in lafiyarsa ƙalau. Tsofaffin kekunan nan na iyayenmu, Raleigh da Phoenix, sun sha kai mutane nesa fiye da Daura da kaya a bayansu, sai dai nauyinsu da rashin giya za su gajiyar da wanda bai saba ba. In za ka saya, nemi mai taya inci 26, domin tayarsa da tif ɗinsa sun fi sauƙin samu a ƙananan garuruwa. Masu siririyar taya irin na tsere suna da gudu, amma rami ɗaya ko yashi kaɗan ya ishe su.

Girman keken ya dace da tsawonka. Ka tsaya ƙafafu a ƙasa, ƙarfen tsakiya na tsakanin cinyoyinka. Ya kamata a samu tazarar yatsu biyu zuwa huɗu. Daga nan sai sirdi, wanda a nan ne mafi yawan mutane ke cutar kansu. Mun saba tun muna yara da sauke sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune. A zagayen unguwa ba komai, amma a tafiyar awa biyar gwiwa ce za ta biya. Ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora diddigenka a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkace ba, tsayin ya yi. Idan ka mayar da tafin ƙafar gaba kan fedar, yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayanta kuma ya yi sama.

Mako biyu kafin tafiya ka kai keken wurin mai gyara, ba ana gobe ba, don ka samu damar hawa ka ji ko gyaran ya zauna. Ya duba robar birki gaba da baya, ya ɗaure wayoyin ƙafa in akwai masu kwance, ya sa giris a boris, ya daidaita giya har ta daina tsalle. Sarƙa a wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata mai kaɗan a goge ragowar da tsumma. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda masu gyara ke son lafta mata, ƙura yake kamawa, ƙurar kuma ta zama abin da ke cinye haƙoran giya.

Dubi bakin tif ɗinka ma. Akwai mai kauri irin na babur da mota, wanda kowane mai faci zai iya ba iska. Akwai siriri mai ɗan kusa a kai da ake warwarewa, wanda ke zuwa da kekunan waje da yawa, shi kuwa bututun mai faci ba ya kama shi sai da ɗan ƙarfen da ake ɗaura masa. In irinsa gare ka, sayi ƙarfen ka bar shi a aljihu, ko ka tabbata famfonka na hannu na kama shi. Yawan iskar da taya ke ɗauka a rubuce yake a gefenta. Masu faɗi galibi tsakanin 40 da 65 ne a ma'aunin PSI. A kwalta ka kusanci sama, amma ka tsaya kan mai faci yana sa iskar, domin injinsa na mota ne, cikin ƙiftawar ido yake fasa tif ɗin keke.

Faci: koyi da hannunka

Babban abokin gabar mai keke a ƙasar nan tsidau ne. Ɗan ƙaramin abu mai ƙahoni da ke yaɗo a gefen titi, in ya bushe bayan damina sai ya warwatsu ko'ina, daidai lokacin da na ce ya fi daɗin tafiya. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a ƙarƙashin inuwar da za ka so ka huta. Dokar ita ce: in za ka sauka daga kwalta, sauko daga keken ka ɗauke shi, kada ka tuƙa shi cikin ciyawa. Kafin ka sake hawa, juya kowace taya a hankali ka cire abin da ya maƙale tun bai nutse ba.

Duk da haka za a yi faci, don haka kowa ya iya. Ka kifa keken, ka cire ƙafar. Ka sa ƙarfen ɓanɓarar taya, ko bayan cokali mara kaifi, ka ɗaga gefe ɗaya na tayar daga rim, ka zaro tif. Ka ba shi iska kaɗan ka kai shi kusa da leɓenka kana juyawa, za ka ji sanyin iskar inda ya huje tun kafin ido ya gani. In ka yi shakka, ɗan yawu zai nuna maka kumfa. Ka kankare wurin da ɗan sanfefa har ya yi kaushi, faɗinsa ya fi facin. Ka shafa sholisho siriri, sannan ka jira. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki: sai ya daina sheƙi, ya bushe har ba ya bin yatsa, wajen minti uku zuwa biyar, sannan a manna faci a danne da ƙarfi. Kafin ka mayar da tif, zura yatsunka a hankali cikin tayar ka zagaya. Ƙayar da ta yi ɓarnar tana nan a maƙale, in ba ka cire ta ba kafin ka yi taku ɗari ta sake hudawa. A mayarwa, sa wa tif iska kaɗan don kada ya naɗe, ka tura bakin tayar da manyan yatsu, ƙarfe na iya tsinke sabon aikin.

A hanya ba a tsayawa yin duk wannan. Kowa ya zo da sabon tif guda a jaka, a canza cikin minti goma a wuce, a yi facin wanda ya huje a wurin hutu na gaba. Ayari ya ɗauki famfo biyu, sifana mai lamba 15 don ƙafafun da ba su da maɓalli, saitin makullan alan (ƙananan ƙarafa masu kusurwa shida na kwance kusoshin keke), da filaya.

Sabo da jiki

Mako shida zuwa takwas. A mako biyun farko, kilomita 10 sau uku a mako, bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Hanyar Dutsin-ma ta dace da wannan: daga gari zuwa wajen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kusan kilomita 10 ne, zuwa da dawowa 20, ke nan a farko daga rabin hanya za a juyo, sai dai a riga motocin ɗalibai da ma'aikata fita. Daga nan sai a ware rana ɗaya a mako don doguwar tafiya, ana ƙara kilomita 8 zuwa 10 kowane mako: 20, 30, 40, 50, har 60. Wanda ya yi 60 ya sauka bai kwanta ciwo ba, zai yi 80. Makon ƙarshe a rage, kwana biyu kafin tafiya a huta gaba ɗaya.

Abin da ake horarwa a nan ba cinya kaɗai ba ce. Mazaunai ne ke fara kuka, sai wuya, sai tafin hannu, kuma babu maganinsu sai yawan zama a kan sirdin. Kada ka naɗa masa tsumma ko soso mai kauri, gogayya yake ƙarawa. Wando mara kaurin ɗinki a tsakiya da ɗan man shafawa a matsematsi sun fi. Wanda bai son matsattsen wandon 'yan tsere, ya sa shi a ciki ya ɗora wandon motsa jiki a kai, ya ɗaure ƙafar dama da roba don kada sarƙa ta kama. Ka kuma koyi tuƙi da giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri, wajen sau 70 zuwa 90 a minti. Danna giya mai nauyi na burge masu kallo, amma tana ƙone cinya tun a awa ta biyu. Gudun da ya dace shi ne wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba ka haki.

Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila ya ga likita tukuna.

Ayari

Kada ka tafi kai kaɗai. Mutum huɗu zuwa takwas ya fi daɗin sarrafawa. In an haura goma titi ba ya ɗauka, tsayawa kuma ba ta ƙarewa. Yawanci daga majalisa ɗaya ake haɗuwa, kuma na ga inda aka yi adashi har kowa ya mallaki keke. A naɗa jagora wanda ya san hanya, a sa mutum mafi ƙarfi da iya gyara a can baya, ba a gaba ba, domin shi zai tsaya da duk wanda ya samu matsala. A yi yarjejeniya tun a gida cewa gudun ayari gudun mafi rauni ne. Kullum akwai mai son nuna bajinta. A ba shi gaba lokacin da iska ta tashi ya kare wa saura, zai samu abin da yake nema.

Kuɗin abinci, ruwa da motar dawowa a tara su wurin mutum ɗaya tun ana sauran mako. Rigimar "wa zai biya" a gaban mai nama, bayan kowa ya gaji, ta raba abokai da yawa. In da hali, a samu ɗan'uwa mai babur ko mota ya biyo baya da jarkar ruwa da akwatin magani. Kowa ya ɗauki katin shaida, don yankin na kusa da iyakar Nijar kuma akwai shingayen jami'ai. A yi musu sallama, a sauka in sun ce a sauka, galibi abin na ƙarewa da dariya da "Daura a keke? Allah ya ba da sa'a." Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, kowa ya sa ta a waya.

A titi, hannun dama ake bi tare da motoci, layi ɗaya, da tazarar tsawon keke guda tsakani. Na gaba ya nuna rami da hannu ya faɗa da baki, na baya ya yi kiran "mota!" in babba na tafe. In tirela ko tifa ta taso kuma wata na zuwa ta gaba, kada a yi gardama, a rage gudu a raɓe. Hular kwano dole ce, riga mai haske, fitila ja a baya, abin toshe kunne na kiɗa kuma a bar shi a gida.

Ranar tafiya

Da daddare a ci tuwo ko shinkafa a ƙoshi, a sha ruwa sosai, a kwanta da wuri. Da asuba koko da ƙosai kaɗan, ko shayi da burodi. A yi salla a haɗu a wuri ɗaya, Ƙofar Soro ko wani sanannen wuri, a tashi da zarar gari ya yi hasken da direba zai gan ku. A watannin sanyi rana ba ta fitowa sai wajen 7 saura, don haka 6:15 zuwa 6:30 ya yi. Awa ukun farko su ne ribar tafiyar, ba rana ba iska, domin iskar hunturu sai hantsi ya ɗaga take ƙarfi. Masu matsakaicin ƙarfi na yin kilomita 15 zuwa 18 a awa, ke nan awa biyar na tuƙi, da hutu shida. Wanda ya tashi 6:30 zai yi azahar a Daura. Wanda ya tashi 9 zai yi rabin tafiyarsa cikin tsakar rana.

Ruwa: rabin lita zuwa lita ɗaya saura kwata a kowace awa, kurɓi-kurɓi duk bayan minti goma sha biyar, ba sai ƙishirwa ta zo ba. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari, ko dai na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, ko a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Gumi na fita da gishiri, kuma a hunturu yana bushewa nan take har mutum ya zaci bai yi ba. Farin da ke fitowa a wuyan riga shi ne shaida. A aljihu a sa dabino, ayaba, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, a riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa. Yunwar keke ba ta ba da sanarwa: kana cikin tafiya sai ka ji ƙafa ta mutu, hannu na rawa, ranka na ɓaci ba dalili. In haka ta faru, tsaya, ci dabino biyar, sha ruwa, jira minti goma sha biyar.

A tsaya minti biyar duk awa, babban hutu kuma a Mashi, wadda ke kusan tsakiyar hanya. A cika goruna, a yi facin tif ɗin da ya huje, a ci abu mara nauyi. Fura da nono na kiran mutum a wannan lokacin, amma in ka cika ciki da ita barci za ka ji, ga rabin hanya a gaba; ludayi kaɗan ya isa, a bar sauran sai Daura. Kada hutun ya wuce minti ashirin, jiki na sanyi ya ƙi tashi. Daga Mashi zuwa Shargalle zuwa Daura ne ake gane wanda ya yi shiri, hira na ɗaukewa, kowa na kallon tayar gabansa. Nan jagora zai rage gudu ya riƙa waiwaye.

A lura da juna. Wanda ya fara jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ko maganarsa ta fara rikicewa, tafiyarsa ta ƙare a nan ko da yana musu. A kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da riga, a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari in yana iya sha. In ya rikice ko ya suma, kada a ɗura masa komai, a tare mota zuwa asibiti mafi kusa ana ci gaba da jiƙa shi.

Batun salla, nisan ya yi kusa da iyakar da malamai ke ƙayyade wa ƙasaru, don haka a tambayi malamin unguwa tun kafin a tashi, kada a tsaya musu a bakin masallaci.

A Daura

A yi salla, a wanke fuska, a canza riga, sannan abinci. Mafi kyau a ce akwai aboki ko dangi da aka sanar tun da wuri, a shimfiɗa tabarma a zaure a haɗa hannu a kwano ɗaya. In babu, a tura mutum biyu kasuwa su haɗo waina da miya, balangu ko tsire, da fura mai kyau, saura su tsare kekuna a inuwa. A fara da ruwa da abu mai ɗan gishiri, a ci a hankali. Cikin da ya sha jijjiga awa shida ba ya son a auka masa da nama mai maiƙo lokaci guda. Furar a tabbata da ruwa mai tsabta aka dama ta, ƙanƙarar ma haka.

In jiki ya dawo, a je rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a zamanin sarauniya Daurama. Tana cikin gari, an gina mata ɗaki, akwai masu kula da ita da za su ba ku labari. A yi musu ihsani. Fadar Sarkin Daura ba ta da nisa daga nan. A sauka daga keke a ƙofar fada, a gaida dogarai, a nemi izini kafin a ɗaga waya ɗaukar hoto, kuma ba a shiga irin wuraren nan da gajeren wando. Wanda ya daidaita tafiyarsa da Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, zai ga hawa, amma ya nemi masauki tun da wuri don garin na cika.

Kada masu gwajin farko su ce za su juyo a keke a ranar, dare zai same su a titin da ba fitila. Ko a kwana a tuƙo da asuba, ko a je tasha tun kafin la'asar ta yi sanyi. A yi cinikin kuɗin kekuna da direba kafin a ɗora ko ɗaya. A cire ƙafafun gaba, a sa kwali tsakanin keke da keke, ɓangaren sarƙa na kallon sama, domin ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya da an danne shi yake lanƙwashewa. Ku ɗaure da kanku, kada ku bar wa yaran tasha, igiyarsu a kan wayoyin ƙafa take bi.